Daidai Kaya, Daidai Farfela

Mu Hausawan Garwa, in aka tambaye mu sana'ar gidanmu, sai mu ce fatauci ko ɗinki ko fawa ko dukanci. Da wuya ka ji ɗayanmu ya ambaci ruwa, alhali kuwa ga kogin Binuwai nan kwance a gindin gari, kuma ba ƙaramin kaso na abincinmu ke biyowa ta kansa ba. Karfasar da ake soyawa da maraice a bakin titunan Pumpumre, da bandar tarwaɗar da matanmu ke jefawa a miyar kuka, da giwan ruwan da ake dafa wa baƙo na musamman, kowannensu sai da wani bawan Allah ya tashi tun kafin assalatu ya ja igiyar inji sa'an nan ya iso kwanonmu. Da yawa daga cikin masu jan igiyar nan 'yan'uwanmu ne, 'ya'yansu kuwa suna zaune gabanmu a aji. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu tattauna a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke can ƙarƙashin ruwa, wanda ido ba ya ganinsa amma aljihu yana jinsa, wato farfelar injin kwalekwale, wadda masu jin Faransanci ke kira elis.

Dattawanmu suna ba da labarin zamanin da manyan jiragen ruwa ke haurowa daga Nijeriya, su bi Kwara, su shigo Binuwai ta Lakwaja, su wuce Makurɗi da Yola, su iso tashar Garwa cikin 'yan makonnin da kogi ke cika da damina. Su sauke siminti da gishiri da mai, su ɗauki auduga da gyaɗa, su yi maza su juya kafin ruwa ya janye. Wannan zamani ya wuce. A shekarar 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo, wadda 'yan ƙasar Sin suka gina kimanin kilomita 50 daga nan, sai ga tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 600 a inda dā babu. Masunta suka yi ta kwarara can, Hausawa da Musgum da Kotoko da mutanen ƙasashe maƙwabta. Ruwa mai faɗi haka ya fi ƙarfin filafili da gora, dole sai inji. Ta haka injin nan da ake ratayawa a gindin jirgi, mai doki 15 ko 25 ko 40, ya zama jarin gidaje masu yawa, kamar yadda keken ɗinki ko babur ya zama jarin wasu.

To, jari ne mai ci kullum. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 suna tune da yadda kuɗin kayan gyara ya ninka cikin ɗan lokaci. Shekaru da dama abin da ya rufa wa masu jirage asiri shi ne fetur ɗin da ke tsallakowa daga Nijeriya, wanda muke kira zuwa-zuwa. A watan Mayu na 2023 gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin mai, araha ta ƙare. A gidajen mai na nan gida kuwa, lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 840 a Fabrairun 2024. Inji mai doki 40 na irin waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, in aka murɗa shi har ƙarshe, yana shan kusan lita 20 a awa guda. A farashin 2024 wannan ya kama kusan jaka 17 ke nan a awa, ban da kuɗin man gauraya. Wanda ke ƙona irin wannan kuɗi ya kamata ya san ko turin jirgi suke tafiya ko kuwa hayaƙi da kumfa.

Abin da muka lura da shi, mutum zai yi wata uku yana shawara a kan injin da zai saya, ya tambayi wannan ya tambayi wancan, ya je har Yola ko Duwala neman mai kyau, amma farfela ko kallo ba ta ishe shi ba. Wadda ya tarar a jiki, da ita zai yi ta aiki har ta karye, in ta karye kuma ya ce wa mai shago, "Ba ni ta arba'in." Ita kuwa farfela ita ce ƙafar da inji ke takawa da ita. Duk ƙarfin dokin da aka rubuta a murfi, ta kunnuwanta uku yake bi ya shiga ruwa.

In ka ɗauki farfela ka goge jikinta, za ka ga lamba biyu an buga, misali 11 1/8 x 13, wani lokaci da harafi a ƙarshe mai nuna irin injin da take shiga. Lamba ta farko faɗinta ne da inci, wato faɗin da'irar da kunnuwa ke zanawa in suna juyi. Ta biyu ita ce muhimmiya, mu kira ta taku. Ma'anarta nisan da farfela za ta ci gaba a juyi guda in da a ce cikin abu mai tauri take shiga, kamar yadda noti ke bin zaren ƙusa. Mai lamba 13 takunta inci 13, wato santimita 33. Mai lamba 9 takunta kusan santimita 23. Masu ƙera injin sun san jirage ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa inji guda mai doki 40 suka yi masa farfela iri-iri, akwai 11 1/8 x 13, akwai 11 5/8 x 11, akwai 12 1/4 x 9, da sauransu. Ka lura, duk sa'ad da taku ya ragu faɗi yana ƙaruwa, domin mai jan nauyi tana bukatar kunne mai faɗi da zai kama ruwa da yawa.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ngaundere a babbar mota ya ga yadda direba ke yi in ya iso hawan dutsen nan. Ba ya barin mota a babbar giya, sai ya sauko ta biyu ko ta ɗaya, inji yana kuka da daɗi, mota tana hawa sannu a hankali da buhunanta. In ya yi taurin kai ya bar ta a ta biyar, sai inji ya shaƙe, ya yi ta baƙin hayaƙi, ƙarshe ya mutu a tsakiyar hawa. Injin kwalekwale giyar gaba ɗaya tak gare shi, ba a canzawa a kan tafiya. Giyarsa ita ce farfelar da ka ɗaura tun a bakin gaɓa. Mai dogon taku babbar giya ce, ta jirgi marar nauyi mai gudu a saman ruwa. Mai gajeren taku ƙaramar giya ce, ta jirgin katako mai ɗauke da buhunan masara ko kwandunan kifi. Jirgi mai kaya kuwa kullum a kan hawa yake, ruwa ba shi da gangara.

Yaya mutum zai san wadda ta dace da shi? Injin ne da kansa zai faɗa. Kowane inji yana da iyakar juyin da aka ƙera shi ya yi a minti in an murɗa mai har ƙarshe, kuma an rubuta a littafinsa. Ga Yamaha Enduro mai doki 15 da mai doki 40, waɗanda suka fi yawa a ruwayenmu, tsakanin juyi 4,500 ne da 5,500. Farfelar da ta dace ita ce wadda za ta bar inji ya shiga cikin wannan tsakani alhali jirgi yana ɗauke da kayan da ya saba ɗauka. In taku ya yi yawa, inji ba ya kai wa juyinsa. Sai ka ji muryarsa ta yi kauri kamar mai mura, yana shan mai yana zafi, fulogi, wanda mu nan muke ce wa buji, yana yin baƙi, gawayi yana taruwa a kan fistin har ringi ya maƙale. Irin wannan inji ba ya mutuwa rana ɗaya, a hankali yake tsufa tun kafin lokacinsa. In kuma taku ya yi kaɗan, sai inji ya wuce iyaka, ya yi ta ihu kamar sabon babur, ƙarfen cikinsa yana cin juna, jirgi kuwa bai ƙara komai ba. Makanikai suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: rage inci ɗaya na taku yana ƙara wa inji juyi 150 zuwa 200.

Akwai wani dattijo a unguwarmu wanda ke da jirgin katako, dogo, yana jigilar kaya da damina tsakanin Garwa da ƙauyukan da ke gangaren kogi wajen iyaka. Shi ya tsufa, babban ɗansa ke tuƙi, jikansa kuma ɗalibinmu ne. Shanu biyu ya sayar, aka haɗa da adashin uwargida, aka sayi inji mai doki 40. Damina ɗaya aka yi da shi ɗan ya fara ƙorafi, wai inji ba shi da ƙarfi, in an yi lodi za a hauro sai ya riƙa nishi, jarkar da aka auna ba ta kawo su gida, fulogi kuwa kamar gyaɗa ake saye. Wani mai sayar da injuna ya ce masa maganin abin ɗaya ne, ya kawo wannan a karɓa, a ba shi babba, ya riƙa biyan ciko wata-wata, takardar gida ta zauna a matsayin jingina.

Dattijon ya zo mana da takardar yarjejeniyar bayan sallar isha'i, da yake da Faransanci aka rubuta ta. Ya ce, "Malam, karanta mini wannan, ka gaya mini gaskiya tsakaninka da Allah. Yaron nan ya matsa mini, ni kuwa gidan nan kaɗai na mallaka." Muka karanta masa ita daki-daki, har da layin da ya ce in an kasa biya wata uku a jere gida ya tafi. Muka ce, "Baba, maganar takarda ke nan. Maganar inji kuwa akwai masu ita. Kafin ka sa hannu, a bari wani tsohon hannu ya duba shi tukuna." Ya yarda. Ranar Lahadi, da yake babu makaranta, muka rankaya tare da ɗan zuwa rumfar wani tsohon makanike a kusa da gada.

Tsohon bai ko buɗe murfin inji ba. Ya sunkuya ya kankare jikin farfela da wuƙa, ya karanta lamba, ya ɗago ya dubi jirgin tun daga goshi har gindi. Ya ce, "Ɗana, buhu nawa kake zuba wa wannan?" Aka gaya masa. Ya ce, "Ka sa wa ɗan dako takalmin ɗan tsere, sa'an nan kana cewa ba shi da ƙarfi." Ɗan ya ce, "Kawu, ai ni na ɗauka in lamba ta fi girma gudu ya fi yawa. Har ma na so in nemi mai 15." Tsohon ya yi dariya, ya ɗauko wani ɗan agogon auna juyi, wanda bai fi akwatin ashana girma ba, ya naɗe wayarsa a jikin wayar fulogi, ya sa aka yi lodi kamar na ranar aiki, aka fita. Da farfela mai lamba 13, an murɗa mai har ƙarshe, agogo ya tsaya wajen 4,000. Aka dawo aka ɗaura wata mai lamba 9 da ya ara daga cikin kayansa. Inji ya haura 4,700, murya ta washe, jirgi ya ɗauki hanya ba tare da nishi ba.

A nan ne aikinmu na alli ya yi rana, domin ɗan ya kasa yarda cewa gajeren taku ba zai rage masa gudu ba. Muka tsuguna muka yi masa lissafin a kan yashi. A irin wannan inji, in kansa ya juya sau biyu farfela sau ɗaya take juyawa. In kai yana juyi 5,000, farfela tana 2,500. Ka ninka 2,500 da santimita 33, ka sami mita 825 a minti, wato kusan kilomita 50 a awa. Wannan shi ne gudun da mai lamba 13 ke nema. Mai lamba 9 kuwa wajen kilomita 34 take nema. Muka tambaye shi, "Jirginka da lodi ya taɓa yin ko da 20?" Ya ce ko kusa. To, duk abin da ke tsakanin gudun da farfela ke nema da wanda jirgi ke yi santsi ne, ruwa kawai ake kaɗawa. Kowace farfela tana da santsi, ruwa ba katako ba ne, amma in ya yi yawa haka an tashi daga tuƙi an koma dama fura.

Daɗin daɗawa, shi kansa jirgin yana da iyaka. Jirgi mai nauyi da ke keta ruwa da ƙirjinsa yana tayar da igiyar ruwa a gaba da baya, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon gudun da zai yi kafin ya fara hawan igiyar da shi kansa ya tayar. Ga mai tsawon mita 12 a kan ruwa, iyakar tana wajen kilomita 15 zuwa 16 a awa. Dogon siririn kwalekwale yana iya ɗan wuce haka, amma da tsada. Daga nan duk man da aka ƙara, gindi ne zai ƙara nutsewa, igiya ta ƙara girma, gaɓa ta ƙara zaizayewa. Da an ba wannan yaro babban injin da yake so, da kaɗan zai gani a gudu, mai yawa zai gani a jarka. Dattijon ya mayar da takarda ba tare da sa hannu ba. Kuɗin sabuwar farfela bai kai cikon wata ɗaya na wancan bashi ba. Sun ci gaba da aikinsu da injinsu, jikan kuma ba a sake koro shi gida saboda kuɗin makaranta ba.

Ga wanda ke son ya gwada nasa, abin ba wuya. A nemi ɗan agogon nan, masu jirgi huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. A yi gwaji da lodin da aka saba, kada a yi da jirgi wayam, domin jirgi wayam ƙarya yake faɗa. Wayar hannu ta zamani tana nuna gudu. A kogi a yi gwajin sau biyu, hawa da gangara, a haɗa a raba biyu: in ka yi kilomita 8 a hawa, 16 a gangara, ainihin gudunka 12 ne, sauran na kogi ne. A auna mai da jarka guda a kan hanya guda, a rubuta. Kuma a canza abu ɗaya kawai a kowane gwaji, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aikin ba. Bayan an sami farfelar da ta dace, ba dole ne a riƙa tafiya a ƙarshen maƙura ba. Sassauta hannu kaɗan yana rage shan mai ƙwarai, gudun da za a rasa kuwa bai taka kara ya karya ba. Sauri ya haifi nawa.

Sai dai farfela, komai dacewarta, ba ta aiki in an rataye inji ba daidai ba. Injuna suna zuwa da gajerar ƙafa, ta katakon baya mai tsayin inci 15, wato santimita 38, da doguwar ƙafa, ta inci 20, wato santimita 51. Kafintocinmu kuwa sau da yawa da ido suke yanke katakon. Dab da saman farfela akwai wani faranti shimfiɗaɗɗe a jikin ƙafar. Ƙa'ida ita ce farantin nan ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce santimita biyu da rabi ba. A ɗora miƙaƙƙiyar sanda a ƙasan jirgi a miƙo ta baya, nan take za a gani. In ƙafa ta nutse da yawa, tana jan ruwa kamar mai tafiya da doguwar riga a cikin kogi, ga fantsama, ga yawan karo da yashi. In ta yi sama da yawa, farfela tana zuƙo iska daga saman ruwa, sai ka ji inji ya yi ihu farat ɗaya jirgi ya saki, musamman a kan kwana ko in iskar Lagdo ta tayar da igiya. Mafi muni, ramukan da inji ke shan ruwan sanyaya kansa suna iya fita daga ruwa. Ɗan guntun katako da aka ƙara, ko 'yan santimita da aka rage, sun isa su gyara wannan.

Bayan tsayi sai karkata. A jikin maƙalar inji akwai ramuka a jere da wani ƙarfe da ake zurawa, shi ke tsai da ƙafa kusa da jirgi ko nesa da shi. Abin nema shi ne in an yi lodi ana tafiya, farantin nan ya kwanta daidai da fuskar ruwa. In ƙafa ta matso jirgi da yawa, goshi yana nutsewa yana huɗar ruwa, tuƙi ya yi nauyi. In ta yi nisa, goshi ya ɗaga sama, gindi ya zauna, turin da ya kamata ya tafi gaba ya tafi sama. Yadda aka jera kaya ma yana cikin lissafi. Mai nauyi a tsakiya kuma a ƙasa, kada a tara jarkoki da mutane a baya wajen direba don hira.

Game da ƙarfen da aka yi farfela da shi, akwai ta alminiyam, akwai ta farin ƙarfe mai tauri. Ta farin ƙarfe ta fi ƙarko, ta fi tsada, kuma a ruwa mai zurfi ta fi kyau. Amma Binuwai da rani tudun yashi ne da duwatsu da kututturen da ambaliya ta jawo. In aka yi karo, dole wani abu ya ba da kai. Gara kunnen alminiyam ya lanƙwashe da a ce sandar farfela ko haƙoran giya ne suka karye, domin na farko gyaran yini ɗaya ne, na biyu kuwa yana iya cinye ribar damina. Farfelar da kunnenta ya lanƙwashe ko ya gutsure kada a ci gaba da aiki da ita don tana juyawa. Karkarwar da take sa wa inji tana kashe robar da ke tsare man giya. Haka nan wadda aka yi wa walda aka bar kunne ɗaya ya fi sauran nauyi. A tsakiyar farfela kuma akwai roba da aka matse, wadda ke saki in an yi karo mai tsanani. In ta saki, inji zai riƙa ihu jirgi ba ya tafiya. A ja layi da ƙusa daga cibiya zuwa jikin farfela, a ɗan yi tafiya, a duba. In layin ya rabu biyu, robar ta mutu.

Masu aiki inda ake shimfiɗa taru da mamari su riƙa cire farfela a kai a kai suna duba bayanta. Zaren nailan yana naɗewa a can, ya narke, ya yanka robar, ruwa ya shiga giya. Alamarsa man giya ya koma fari kamar madara. In za a mayar, a shafa girisi a sanda, kada a manta da zoben ƙarfen da ke zama a bayan farfela, a ɗaure noti, a sa sabon fil. A riƙa kallon ɗan ruwan nan da inji ke fitarwa ta baya, wanda direbobi ke kira fitsari. In ya tsaya a kashe inji nan take, yashi ya toshe hanya ko ya cinye robar famfo. Mai hali ya ajiye farfela biyu, mai gajeren taku ta ranar lodi, da mai ɗan tsawo ta ranar tafiya wayam, kowace kuma ta zama madadin 'yar'uwarta in tsautsayi ya faɗa a tsakiyar tafki. Noti da fil da sifana su zauna cikin jirgi, shi kuma injin a ɗaure shi da igiya ko sarƙa a jikin katako, domin injuna da yawa suna kwance a ƙasan ruwa saboda maƙala ta kwance.

Wani hanzari ba gudu ba. Kada wani ya karanta wannan ya ce tun da ƙaramar giya tana jan nauyi, bari ya ƙara buhu goma. Farfela tana gyara turi, ba ta ƙara wa jirgi baki. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a Wara ta jihar Kabi a watan Mayu na 2021 ba, inda rayuka masu yawa suka salwanta, yawancinsu 'yan'uwanmu masu neman abinci. Nan gida ma mun ga yadda Binuwai ke zama in an buɗe ƙofofin Lagdo, kamar a 2012 da 2022. A irin wannan ruwa, injin da ke shaƙewa a kan hawa ba asarar mai kaɗai yake jawowa ba, domin in ya mutu a tsakiyar igiya jirgi gicciye yake juyawa. Rai ya fi buhu.

Abin da ya fi damunmu a matsayinmu na masu koyarwa shi ne duk wannan bayani yana nan a rubuce cikin littafin da ke zuwa a kwalin inji, amma da Faransanci ko Ingilishi ko wani harshen da mai jirgi ba ya ji. Sai a ba yara su yi wasa da shi, ko a kunna wuta. A gida guda kuwa akwai yaro ɗan aji shida wanda ya iya ninkawa da rabawa, yana ganin lissafi ba shi da amfani sai ranar jarrabawa. Muna roƙon iyaye masu jirage su riƙa zaunar da 'ya'yansu 'yan makaranta su karanta musu littafin nan, su riƙe musu ɗan kundin da za a rubuta lodi da lita da juyi. Muna roƙon 'yan'uwanmu malamai su riƙa ɗauko misalan lissafi daga bakin kogi. Tsofaffin makanikai kuma, waɗanda ke gane ciwon inji da kunne, a riƙa zuwa wurinsu tun kafin a je wurin mai ba da bashi.

Kafin ruwan bana ya cika, duk mai inji ya sunkuya ya goge jikin farfelarsa ya karanta lambar da ke kai, ya ɗora sanda ya duba farantinsa, ya nemi agogo ya ji abin da injinsa ke faɗa da lodi a ciki. Allah ya tsare masu shiga ruwa, ya sa albarka a cikin nemansu, ya mayar da kowa gidansa lafiya, amin.